Warin da Ya Ɓalle Ƙofar Baba Mumuni

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da kuwa na so, domin mutanen benenmu na unguwar Highbridge, a nan ƙasar Turawa, ba su da niyyar barina in manta.

Sana'ata tuƙin motar da ke kai marasa lafiya asibiti. A wurin aikin akwai wani Bature dattijo da ke tafiya farautar barewa can arewacin jihar duk shekara in sanyi ya fara shigowa. Wata rana bakina ya ja min, na ce masa ai kakana gawurtaccen mafarauci ne a dazukan Ningi (gaskiya ne, sai dai ni jikan nasa ko ɓera ban taɓa kamawa ba). Nan take ya gayyace ni. Na yi karatun da ake buƙata, na karɓi lasisi, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Shi ne ya nuna min dabarar da suke yi. Fitsarin barewa mace ake sayarwa a 'yar kwalba, a zuba a wani ɗan abu a rataye a reshe yana ɗiga, namiji ya shaƙa ya taho da ƙafarsa. Na duba abin na taɓe baki. Wannan ɗige-ɗigen, yaushe zai cika daji? Na ce zan haɗa nawa. Na samo gwangwanin madara na huda shi da ƙusa, na cusa tsohuwar safa a ciki, na ɗaure ƙaramar fanka mai batir a bakinsa don ta riƙa hura warin.

Da safen ranar, matata Hauwa tana shirin kai yara wurin yayarta a garin Newark, ta tsaya ta kalle ni ta kalli gwangwanin.

"Baban Amira, wannan abin kar in dawo in same shi a gidan nan."

"Ke dai ki wanke babbar tukunya," na ce mata.

Suna fita na ce bari in gwada. Ɗigo kaɗan ake sakawa, ni kuwa na juye kwalbar duka a kan safar. Na ɗora gwangwanin a kan hitar da ke ɗumama banɗaki, wadda a kashe take a lokacin, sanyi ƙalau, daidai ƙarƙashin ramin iskan da ya ratsa gidajen sama. Na kunna fanka, na toshe hanci, na ja ƙofa, wai in ga ko warin zai iso falo. Sai ga waya daga wurin aiki: wani direba bai zo ba, ga mai wankin ƙoda yana jira. Na zari jaket na fita. Abin da ban sani ba, ina fita mai kula da benen ya kunna hitar gidan gaba ɗaya.

Bayan la'asar na dawo na tarar da motar 'yan kwana-kwana da ta 'yan sanda a ƙofa, jama'a cirko-cirko a cikin sanyi, mata sun rufe hanci da mayafi. Wari ne kamar na mushe ya kwana a kwata. Hajiya Rakiya, maƙwabciyarmu ta ƙasa, ta riƙo hannun rigata tana kuka.

"Baba Mumuni ne. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An buga, an buga, shiru. Daga wajensa warin ya fi ƙarfi."

Baba Mumuni dattijo ne ɗan zangon Kumasi, tsohon direban tasi, shi kaɗai yake zaune a gidan da ke saman nawa tun rasuwar matarsa. Ɗan sanda yana ta tambaya wa ya yi masa ganin ƙarshe. Wannan ya ce makon jiya, wancan ya ce a'a, kamar tun kafin nan. Babu wanda ya iya faɗa. Har an riga an buga wa 'yarsa waya a jihar Ohio an ce ta taho.

To a nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage. Hancina ya so ya gaya min wani abu, amma ban saurare shi ba, don na ga taro. Na share hawaye, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ni aikina da asibiti ne, na san wannan warin. Ya kwana biyu. Wallahi abin kunya ne gare mu, dattijo ya rasu a kanmu ba mu sani ba!" Mutane suna gyaɗa kai, wata ma ta ce Allah ya yi min albarka.

Daga sama muka ji ƙarar ɓalle ƙofa. Can sai ga 'yan kwana-kwana sun sauko da Baba Mumuni a tsakiyarsu, da ƙafarsa, an lulluɓa masa bargo, silifa ɗaya a ƙafa. Ashe ya cire abin jin da yake sawa a kunne ne ya kwanta bayan azahar, bai farka ba sai da ya ga ƙarti da gatari a kansa. Ya tsaya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe kuna da yawa haka a gidan nan," ya ce. "Sai da kuka ji wari kuka tuna da mutum a sama."

Muna cikin haka wani ɗan kwana-kwana ya fito, ya miƙar da hannu nesa da jikinsa, riƙe da gwangwanina. Fankar tana nan tana juyi, ko gajiya ba ta yi ba. Ya faɗi lambar gidan da aka samo shi, ya tambayi mai gidan. Duk wuyoyi suka juyo kaina.

Na yi masa bayani da Turanci, a hankali, ina fatan tsofaffin ba za su gane ba. Hajiya Rakiya ta ce, "Faɗa mana da Hausa. Mene ne a ciki?"

"Fitsari ne, Hajiya."

"Na wa?"

"Na barewa."

Da dariya suka yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Don ruɗewa har na fara cewa ai a Malikiyya fitsarin dabbar da ake ci ba najasa ba ne (ka ji fa inda hankalina ya tafi), sai wani malami da ke gefena ya ce, "Bawan Allah, yi shiru."

'Yar Baba ta yi tafiya mai nisa a mota tana kukan maraici kafin a same ta a waya a ce mata yana raye. Da ta iso ta ga ƙofar a ɓalle, ta ji cewa ba wanda ya san rabonsa da ganin mahaifinta, ta ce ba za ta bar shi ba. Shi bai so tafiya ba. Masallacinsa yana nan, abokan hirarsa suna titin Grand Concourse, kabarin matarsa ma ba nisa. Amma ta dage. Ranar da za su tafi na hau na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min." Ya kalli bangon da aka cire hotuna, sannan ya ce, "Na yafe, ɗana. Ɗauko min jakar can." Ni na sauko da ita har mota.

Farauta dai ban je ba. Hauwa ta yi kwanaki tana turara gidan ba ta ce min uffan ba, kuma yaran benen har yau Mai Barewa suke kirana. Abin da na koya shi ne, kayan daji a daji ake gwada su, kuma in taro ya taru ba dole ba ne sai ka yi jawabi. Maƙwabci kuwa, ka buga masa ƙofa tun hancinka bai aike ka ba.