Sarkin Kwana da Maɓallin Birkin Hannu

"Ni da mota, ai abin a jini yake," in ji Sarkin Kwana, yana zaune a kujerar mai aski, rabin kansa a aske, rabi na jiran layi. "Ranar Asabar zan juya muku mota a gicciye, gindinta na zamewa, taya na hayaƙi, ni kuwa hannu ɗaya a sitiyari."

Ɗan'uwa, bari in faɗa maka gaskiyar sunan nan. Shi a ganinsa don ya iya shan kwana da mota aka laƙaba masa. Unguwa kuwa ta san dalili: mutumin ba ya tashi daga barci sai rana ta take tsaka. Ba wanda ya gyara masa, don kar a rage wa kai nishaɗi.

Motar ma ba tasa ba ce, ta Yayarsa ce, ma'aikaciyar jinya. Ta bar masa ita don ya riƙa kai 'ya'yanta makaranta, ita tana bin bas zuwa aiki. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da ta ga ko ƙwarzane a jikin motar, ranar zai koma kan tsohon kekensa mai kukan ƙofa. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake tsoro kamar keken nan, domin da mukullin motar yake yi wa mutane fankama.

A waya ya ga masu wasan zamiya da mota, ya ga wai sirrinsu wani ɗan maɓalli ne da ake sauya wa birkin hannu. Na asali yana da sifirin, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, da ke sa birkin ya maƙale idan an ja. Wannan kuwa ba ya maƙalewa: ka fizga, tayoyin baya su kafe, ka saki, ya koma da kansa. In za ka ajiye mota, sai ka zaro maɓallin waje da yatsa kafin birkin ya riƙe. Mai bidiyon ya yi wannan bayanin a ƙarshe. Gogan naka bai kai ƙarshe ba, ya ce ai shi ba ɗalibi ba ne.

Nan take ya yi odar maɓallin. Da saƙon ya iso, ya shiga motar da filaya, ya murɗe tsohon maɓalli. Sifirin ya yi tsalle, ya doke shi a hanci, ya fice ta taga ya faɗa kwata. Ya bi shi da kallo, ya ce dama kamfani kan sa tarkace don a ce sun yi aiki. Ya ɗaura sabon, ja jawur, ya goge shi da bakin riga.

Ranar Asabar mai aski ya rufe shago, tela ya ajiye almakashi, mai wankin mota ya bar bokiti, duk aka hallara a filin da ke bayan shaguna. Filin gangare ne. A ƙasansa ruwan wankin motoci ya taru ya yi laka, gaba kaɗan kuma tashar bas ce.

Sarkin Kwana ya iso da baƙin tabarau da safar hannu ta wanke-wanke, wai ta masu tseren mota ta ƙare a kasuwa. Ya umarci kowa ya ja da baya, masu hawan jini su rufe ido.

Ya taso a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya fizgi birki. Motar ta tsaya cak, goshinsa ya gaisa da sitiyari. Ya ce gwaji ne. Ya sake tasowa, wannan karon hannunsa ya kauce ya kunna abin share gilashi, gwiwar hannu ta danne ham. A na gaba ya manta da kuloci, motar ta yi tari ta mutu. Tela ya tambaya cikin ladabi ko an fara ne, don ya san lokacin tafi.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya sa giya a firi, ya ja birkin hannu, ya fito a fusace ya bugo ƙofa. Birkin kuwa, da yake an koya masa sabuwar tarbiyya, ya kwanta abinsa.

"Matsalar filin nan ce," ya ce, ya juya wa motar baya. "Ƙasar ba ta da ilimi. Ko wanda ya ƙera motar aka kawo, ba zai juya ta a nan ba."

Mai aski ya ɗaga yatsa. Sarkin Kwana ya ce a riƙe tambaya sai ya gama.

A bayansa motar ta fara tafiya. Ta gangara a natse, ta ƙara wuta, ta faɗa cikin lakar. Da yake ya bar sitiyarin a murɗe, sai gindinta ya zame, ta juya a gicciye, ta watsa laka sama kamar fuka-fuki, ta yi wata irin kwana da ko a waya ba a ga mai kyanta ba. Jama'a suka ɓarke da tafi. Gogan ya dafa ƙirji ya rusuna, ya ɗauka jawabinsa ne ya ratsa su.

Ƙarar fashewar fitila a jikin turken tashar bas ce ta juyo da shi. Kusa da turken, Yaya ce tsaye, saukowarta ke nan daga bas, fararen kayan aikinta sun koma kalar kwata.

Ya ruga yana rantsuwa cewa ko taɓa ta bai yi ba, kowa shaida ne ba ya ciki. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu, ya ajiye mukulli. Ta leƙa cikin motar, ta murɗe jan maɓallin, ta danƙa masa a tafin hannu, ta ce ya ɗaura wa keke.

"Amma Yaya, kin dai ga kwanar da ta yi," ya ce da muryar tausayi.

"Na gani, ƙanena," in ji ta, tana share laka daga gira. "Ashe motar ta daɗe da iyawa. Jira take ka fita."