Rasuwar Shiru-Shiru, Keken da Wanka Ya Kashe

Yanzu hantsi ne, gari ya yi lumshi, ba rana ba ruwa. Babu mai kawo mota wanki in ya ga hadari, shi ya sa na samu na zauna a kan bokiti ina rubuta wannan. Da zuciyar da baƙin ciki ya cika nake sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta na sama da na ƙasa, da abokan aikina na wurin wankin mota, rasuwar kekena mai batir, wanda kuka sani da Shiru-Shiru. Rai ya yi halinsa ranar Talata, a tsakiyar dogon hawan nan na gaban gidan mai, bayan jinyar kwana tara.

Marigayin sau biyu ya rayu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana keke kamar kowane keke, yana kai Baba aikin duba mitar ruwa gida-gida. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, shi ma ya kwanta a ƙarƙashin matakalar gidanmu na haya. Ranar da aka sallame mu daga asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ja min kunne cewa kada a bar Baba ya yini a gefe guda, a riƙa juya shi, in ba haka ba fatar bayansa za ta buɗe. Mu biyu ne a ɗakin, yayata tana aure a nesa. Hutuna na rana awa ɗaya ne, gida kuwa tafiyar awa ɗaya da minti goma ce a ƙafa.

Sabon keke mai batir ya fi ƙarfina. Sai na sayi kayan da ake ɗora wa tsohon keke. A kwali suka zo: ƙafar gaba mai inji a cibiyarta, batir kamar curin burodi, wani ɗan akwati mai wayoyi, da abin murzawa a hannu. Mai gyaran keke ya haɗa su a yini ɗaya, tsoho ya tashi da ƙuruciya.

Duk wanda ya zauna da shi zai yi masa shaidar kirki. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa yi wa kowa hayaƙi a fuska ba. In ka murɗa makulli sai ya ce ƙyas, in ka ja shi sai ya ce wiiii, ƙasa-ƙasa, kamar mai kunyar surukai. Hawan da ke sa manyan mutane sauka su tura, shi a zaune yake haye shi da ni. Minti goma sha huɗu ina gida. In juya Baba, in canza masa, in shafa masa mai a baya, in ba shi abinci cokali-cokali, in koma aiki da sauran minti biyar a hannuna. Shekara biyu muna haka, ko ƙurji bai taɓa fito wa Baba ba. Ban san yabon da ya fi wannan ba.

An ce ba a faɗin laifin mamaci, amma don amfanin masu rai zan ɗan taɓa. Yana da nauyi. Ranar da caji ya ƙare a hanya, kamar ka ɗauko buhun siminti ne a baya. A jikin kwali an rubuta zai yi kilomita sittin, ni dai ban taɓa ganin ya wuce talatin ba. Yana cin birki, domin birkin zamanin Baba ba don irin wannan gudu aka yi shi ba. Kullum sai na ciro batir na hau da shi hawa uku saboda masu dogon hannu. Rashin ƙararsa ma wani lokaci fitina ce, sai ka zo daf da mutum bai ji ka ba.

Batun ajalinsa kuwa, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni mai wanki ne, abin da hannuna ya iya ke nan. Duk Asabar in mun sallami motar ƙarshe sai in hau da shi kan dakalin wanki, in kunna injin feshi, in bi shi lungu-lungu. Inda na fi tsayawa shi ne cibiyar ƙafar gaba, wurin da waya ta shiga, don nan datti ke maƙalewa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai keken ya fi mai shi wanka. Ni ina jin daɗi, ina ganin gata nake masa.

Kwana tara kafin rasuwarsa muryarsa ta canza. Wiiii ta koma gurr-gurr, yana tafiya yana ɗaukewa. Na ce a raina ƙasa ce ta shiga. Sai na sake wanke shi, wankin da ya fi na kullum.

Da na kai shi wurin wani mai gyaran lantarki ya buɗe cibiyar, wani jan ruwa ne ya zubo masa a kan takalmi. Ciki duk tsatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni sana'ata. Da na gaya masa, kai kawai ya gyaɗa.

Mun nemi magani. Kayan ba su da suna a jiki, bakin wayoyinsu bai shiga na kowa ba. Shagon da na saya yanzu labule ake sayarwa a ciki. An ba ni shawara in sa masa ƙafa ta gargajiya in riƙa tuƙawa da ƙarfina. Na ari keken wani na gwada: rabin awa zuwa, rabin awa dawowa. Sai dai in taɓa ƙofar gida in juyo.

Ya rasu ya bar caja ɗaya, makulli biyu, fitila, da batir wanda har yanzu yana cike da caji ba shi da wurin zuwa. Ya bar ni. Ya bar Baba, wanda bakinsa ba ya fita, amma ƙarfe ɗaya na yi yake juya idonsa wajen ƙofa. Maigidana na wurin aiki bai yi min faɗa ba. Ya dai nuna min layin motocin tsakar rana, ya ce in zan riƙa ɓacewa kusan awa uku, dole wani ya riƙe mesar wanki. In na zauna gida ba abinci, in na fito ba mai juyi. Shekaranjiya da yamma na ga wani jan tabo a ƙugun Baba, faɗinsa kamar murfin kwalba.

Marigayin bai bar wasiyya ba, amma na san abin da zai ce. Mai son saye ya sayi mai suna, a wurin wanda in ka koma baɗi za ka same shi, kuma ya tambaya ko ana samun kayan gyara kafin ya tambayi gudu. Ya raba abin da kwali ya faɗa gida biyu. In tsohon keke zai ɗora wa, ya fara gyara birki. Wanka kuma tsumma mai ɗan laima ya isa. Wannan na ƙarshen da an gaya min.

Za a yi jana'iza gobe Asabar bayan tashi daga aiki, a ƙarƙashin matakala, don mai gidan haya ya ce gawar ta tare hanya. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai tafi da ƙafar gaba. Batir za a miƙa wa mai gyaran lantarki, kada wani ya jefa shi a bola ko a wuta. Gangar jikin zan hau da ita ɗaki, ina neman mutum ɗaya ya kama min. Ba za a yi masa wanka ba.

Masu zuwa ta'aziyya, hawa na uku ne, ƙofa ta biyu, kuma ƙarfe ɗaya na rana ya fi dacewa, ko da ba za ku same ni ba. Tun Talata ba na kulle ƙofar, don tsoron abin da ka je ya zo. Jiya da safe a gefen dama na bar Baba. Da na dawo da yamma na same shi a gefen hagu, an saka masa filo a tsakanin gwiwoyi, irin sakawar da ni ban iya ba, kofinsa a wanke a kife. Na gaishe da kowa a matakala, kowa ya amsa kamar kullum ya wuce. Yau ma na janyo ƙofar ban kulle ba, na taho aiki.