Giginyar Mai Gari Tana Jin Zafi

A wani gari wai shi Ni'ima-Zalla, inda kaza ke saka ƙwai a dafe saboda zafi, akwai wani wanzami, Gambo, mai aski a gindin durumin da kakansa ya shuka. Inuwar nan ita ce shagonsa, a nan kuma matarsa Kande, mai tsohon ciki, take samun ta lumfasa da rana.

Sai Mai Gari ya je yawon buɗe ido, ya dawo da wata giginyar ado a tukunya, tsawonta bai wuce gwiwa ba. Ba ta 'ya'ya, ba ta muruci, ganyenta dai kamar mafici.

"Zafi ya ƙare a garin nan," in ji shi. "Ga bishiya mai fifita."

Majalisar Haka-Ne ta ce haka ne. Aka dasa ta a ƙofar fada, aka naɗa mata Sarkin Fifita, aka ba ta rijiyar kasuwa ita kaɗai. Mutane suka tsaya gabanta sun buɗe ƙirji. Ko motsi!

Majalisa ta bincika, ta gano tsofaffin bishiyoyi ne ke tare mata iska don hassada. Aka bi su da gatari. Da aka iso durumi, Gambo ya rungume shi.

"Haba ranka ya daɗe, wannan me ya yi?"

"Inuwa yake yi ba izini," in ji Sarkin Fifita.

Wallahi Gambo ya yi kuka kamar yaro, Kande ta ja tabarma ta koma jikin bango.

To, da inuwa ta ƙare, sai giginya ta fara yaushi, don ashe ƙaramarta ba ta son rana tsirara. Hankalin fada ya tashi. Aka yi mata rumfa da rassan durumin Gambo, ba ta farfaɗo ba. Sai shela: kowane magidanci ya fito da maficinsa, giginya tana jin zafi.

Gambo ya ajiye aska ya shiga sahu. Gari guda ana fifita bishiya, gumi har cikin ido. Mai Gari ya sa aka kai kujerarsa bayanta don ya duba aiki. Iskar mafitan jama'a ta ratsa ganye ta bugi fuskarsa. Ya lumshe ido.

"Alhamdulillahi! Kun ji? Ta fara aiki. A kawo irinta dubu."

Majalisa ta yi tafi, amma wani ya tuna cewa giginya dubu za su fi hannayen masu fifita a garin yawa. Aka shiga neman ƙarin hannu. Sarkin Fifita ya waiwaya, ya hango Kande a jikin bango tana haki, ya matso kusa da Gambo da fara'arsa.

"Malam Gambo, yaushe ne watan haihuwar iyali?"