Burina na Bana: Kamu Ɗaya na Jar Ƙasa

Jama'a, barkanmu da shiga sabuwar shekara, waɗanda suka shige ta a tudu da mu da muka shige ta da zani a naɗe zuwa gwiwa.

Ni dai tawa da ɓatan silifas ta fara. Ran biyu ga wata na ɗauki 'yar koriyar tukunyar gas ɗina na nufi layi, don an ce mota za ta zo. Na tarar da mata sun kai arba'in, kowa tsaye cikin ruwa, teku ta hauro titi kamar yadda ta saba, ba sallama. Muna nan har rana ta take, sai wani mai babur ya wuce a guje ya tayar da igiya, silifas ɗina na hagu ya ce ga garinku nan. Ina kallo ya bi ta gaban masallaci ya yi arewa.

Yu Tumirah, wato Yaya Tumirah da yarenmu, maƙwabciyata mai suyar tempe, wainar waken soya, ta ce, "Ƙyale shi, Sumi. Ya fi mu wayo. Shi kaɗai ne ɗan Tambak Lor da ya bar garin nan bai cike takarda ba."

Motar gas ba ta zo ba. Wani mai lasifika ne ya zo, ya ce duk matar da ke son gas ta hallara a zauren taro, akwai bita kan tsara burin sabuwar shekara, gas kuma sai an tashi. Mai nema ba ya fushi. Muka ɗunguma, ni da ƙafa ɗaya a takalmi.

A yaba wa manyanmu: zauren nan ƙurar ƙasa ma akwai a cikinsa. Sau uku ana ɗaga daɓensa, kowane karo har da rufin. Mu kuwa daɓe kawai muke iya ɗagawa, rufi yana inda kakanni suka bar shi, shi ya sa yanzu kowa sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakinsa. Baƙi kan ce mutanen Tambak Lor akwai ladabi. Ba ladabi ba ne, goshi muke karewa.

Mai koyarwar wata 'yar birni ce, Bu Ningsih, wato Malama Ningsih, da sabon takalmin ruwa ko takardar shago ba a cire masa ba. Ba ta da laifi, tana da fara'a. Ban rubuta abin da ta faɗa ba, daga kai nake zubo muku, amma na riƙe uku. Ta ce buri ya zama wanda mutum zai iya. Ya zama wanda za a iya aunawa. Kuma a sa masa ranar gamawa.

"Iyayena mata, kada ku ce za ku taɓo sama. Daidai ruwa daidai tsaki."

Yu Tumirah ta ɗaga hannu. "Bu, wannan karatun, an taɓa yi wa masu bangon?"

Zaure ya ɗauki dariya, har da Bu Ningsih, sai da ta tuna inda take cin abinci ta gimtse.

Ga wanda ba ɗan gari ba: akwai bangon tare teku da aka yi mana alkawari shekara tara ke nan. Mai Girma Uban Harsashi, Allah ya ja zamaninsa, sau uku yana zuwa da kansa ya aza tubalin farko, kuma kowane zuwa ya dace da ƙaratowar zaɓe, ikon Allah. Tubali na ɗaya yanzu ƙaguwa ce ke haya a ƙarƙashinsa. Na biyu muna ɗaure kwale-kwale a jikinsa. Na uku ana shanyar kifi. To wa zai ce aikin hukuma ba ya amfanar talaka? Kuma ban yarda a ce Mai Girma ba ya riƙe alkawari ba. Ya riƙe shi gam, shekara tara bai sake shi ya iso mana ba.

Aka raba mana kati da biro, kowa ta rubuta burinta. Ni aji uku na tsaya a makaranta, rubutuna kamar kaza ta yi tsere a laka, amma ban yi dogon tunani ba. Na rubuta: Zan ɗaga kabarin mijina kamu ɗaya kafin cikar wata.

Mijina, Mas Kasmuri, ya rasu wata bakwai da suka wuce. Shekara talatin da ɗaya muna tare. Da kiwon kifi yake, teku ta haɗiye tafkin. Ya koma gyaran taru, ƙirji ya kama shi. Duk shekara shi ke ɗaga kaburburan iyayensa da hannunsa, kamar yadda kowa ke yi a nan, don maƙabartarmu ta zama tsibiri, sai da kwale-kwale ake zuwa. A cire alamun katako, a kafa gora kewaye, a jera buhuna, a zuba ƙasa, a mayar da alamun. Wanda aka bari shekara biyu ba a ɗaga ba, sai dai 'ya'yansa su tsayar da jirgi su yi addu'a a kan ruwa, suna nuni da yatsa: nan wajen ne, ko can.

Kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Sumi, duk rayuwata a jiƙe na yi ta. Ki bar ni in kwanta a bushe." Har yana murmushi, wai wasa yake. Na ce masa to. Wannan "to" ita ce kayan da nake ɗauke da shi.

Kuma ranar Alhamis da na je kai masa furanni, Mbah Sarpan, tsohon da ke kula da maƙabartar, ya nuna mini inda ruwa ya yi zane a jikin buhuna. Ya ce, "'Yata, saura ɗan yatsa uku. Babban ruwa na cikar wata ne, kwana goma sha biyu. In ya hau, zai kwashe." A garinmu kuwa ƙasa busasshiya sai an ɗauko daga duwatsu a tifa, wannan kuma ba aikin mace ɗaya ba ne mai sayar da yajin kifi.

Bu Ningsih ta zo kaina, ta karanta katin, ta ce:

"Bu Sumirah, wallahi naki ne kaɗai ya cika sharuɗɗan uku."

"Alhamdu lillahi. Ashe aji uku ma karatu ne."

"Sai dai ba za a iya rataye shi ba."

"Rubutun ne? Ki gyara."

Ta rage murya. "Ranar Asabar Mai Girma zai zo aza harsashin bango, za a rataye katunan a rumfa. A taswirarmu maƙabartarku tana bayan bango. Busasshiya ce."

Na ce, "To ki ara mini taswirar in shimfiɗa wa mijina."

Ta buɗe jaka ta fito da wasu katunan da aka riga aka rubuta da kyakkyawan hannu. Nawa ya ce zan zama 'yar kasuwar intanet a bana. Wayata mai maɓalli ce, da roba na ɗaure bayanta. Na Yu Tumirah ya ce za ta yawaita murmushi.

"Da waɗanne haƙoran?" in ji ta. "Huɗu suka rage, biyu ma suna gaba da juna."

Gas fa? An kawo. Tukunya guda, da jan ƙyalle a wuya kamar amarya. Mu arba'in kowa ta rungume ta aka ɗauke ta hoto, sannan aka mayar da ita mota. Ni da na ɗaga ta na ji ba ta fi tawa nauyi ba, amma ban ce komai ba, kada a ce matar marigayi ta cika surutu.

Ranar Juma'a sai ga tifa biyar sun shigo gari, shaƙe da jar ƙasa, irin mai kyau ta dutse. Na ce ko bangon ne da gaske. Ina! Tudu aka yi da ita a bakin teku, aka daddaɓe, aka shimfiɗa jan kafet, aka kafa rumfa, don Mai Girma farin takalmi yake sawa, kuma bai kamata takalmin shugaba ya san abin da ƙafar talaka ta sani ba.

Asabar ya zo da motoci goma sha ɗaya. Ya karanta katunanmu ya ji daɗi, ya ce matan Tambak Lor sun waye. Ya ce burinsa na bana bango mai tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensa. Wannan kam gaskiya ya faɗa, farkonsa ma ido bai gani ba. Ya aza tubali na huɗu, aka tafa. Yana tsakiyar cewa ba za a ƙara jin labarin ruwa a garin nan ba, sai ruwan ya fara lasar tayar motarsa. Jawabin da aka ce na awa ɗaya ne ya ƙare a minti ashirin. Aka naɗe kafet, aka kwance rumfa, aka bar tudu.

Lahadi da safe na je na tsaya ina kallonsa. An bar mai gadi, Pak Jumadi, wato Malam Jumadi, wanda suka yi kamun kifi da mijina tun suna samari. Yana zaune kan kujerar roba yana shan taba.

"Yu Sumi, kallon me kike yi haka kamar kin ga nama a kasuwa?"

"Ƙasar nan, Pak. Yaushe za a fara bangon da ita?"

Ya yi dariya har da tari. "An gama."

"An gama me?"

"Bangon. Jiya da yamma na ga takardar, da hatimi da sa hannu. Tifa biyar na ƙasa, an yi amfani da su duka, kashi na farko ya kammala."

"To wannan da nake gani fa?"

"Wace? Ni ban ga komai ba. An ce in yi gadin wurin taro, taro kuma ya watse." Ya juya kujerarsa ya fuskanci teku. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kasmuri ya taɓa ciro ni daga ruwa da gashin kaina. Shebur biyu na nan bayan bukka, su ma babu su."

Ni ba malama ba ce, amma na tsaya na yi wa kaina fatawa. Na ce, Sumirah, sata ita ce ɗaukar abin da yake akwai. Abin da hukuma da kanta ta buga hatimi ta ce babu shi, wa zai kama ki da shi? Duk da haka na biya wajen limaminmu na tambaya. Ya shafa gemu, ya dubi sama, ya ce shi dai mahaifiyarsa tana kwance a maƙabartar, layi na biyu daga gabas.

Na koma da bokiti ɗaya. Ban kira kowa ba. Yu Tumirah ce ta hango ni, ta kashe wutar suyarta, ta bi gida-gida tana buga murfin tukunya: "Ku fito, an buɗe sabon layi, wannan kuma akwai abin samu a ƙarshensa!"

Jama'a, in akwai abin da manyanmu suka koya mana da kyau, tsayuwar layi ce. Shekara da shekaru suna horar da mu, ashe tanadi suke mana. Mu arba'in muka jeru daga tudu zuwa bakin ruwa, bokiti na bin hannu, maza suna karɓa a kwale-kwale. Mbah Sarpan yana can tsibiri yana faɗa: "Ba haka ba! A fara kafa gorar! Wa ya koya miki ɗaure buhu, ke?" Ni na cire alamun Mas Kasmuri da hannuna, na rungume su a ƙirji har aka gama zuba ƙasa, sannan na mayar. Kwana uku muka yi. Tudun Mai Girma ya ƙare ƙaf, kabari goma sha tara suka tashi, har da na mahaifiyar liman.

Ranar cikar wata ruwa ya hau da hantsi, irin hawan da ya shiga masallaci har sahu na uku. Na roƙi Mbah Sarpan ya kai ni. Muna tafe ban iya duban gaba ba, tafin hannuna nake kallo. Sai na ji ya daina tuƙi.

"Ɗago kanki, 'yata."

Ko'ina ruwa, fari fat, sai jajayen tuddai goma sha tara a tsaye. Na sauka, na durƙusa, na auna daga ruwa zuwa saman kabarin: yatsa huɗu. Na ɗora tafina a kan ƙasar. Da ɗumi, rana ta gasa ta. A bushe.

Na ce, "Mas, ka ji? Na ce maka to." Sauran abin da na faɗa tsakanina da shi ne. Mbah Sarpan dai ya ga ya dace ya duba wata gora can nesa, ya daɗe yana dubawa.

Shekaranjiya Bu Ningsih ta dawo bin sawun burace-buracenmu. Ba wadda ta zama 'yar kasuwar intanet. Yu Tumirah ta yi mata murmushi ɗaya don a samu abin rubutawa. Da muka keɓe ta tambaye ni, na gaya mata. Ta daɗe tana kallon takardarta, ta ce a duk garuruwa shidan da ta zaga nawa ne kaɗai ya cika, kuma shi kaɗai ne ba za ta iya kai wa ofis ba. Ta cire takalmin ruwanta ta ba ni, ta koma mota da safa.

Don haka ga shawarata ga mai tsara burin bana: auna shi da kamunka, ba da bakin lasifika ba. Nawa na baɗi ma na riga na tsara, kamu ɗaya ne dai, don teku ba ta hutun shekara. Sai dai ina roƙonku ku taya mu addu'a: Allah ya ja ran Mai Girma, ya dawo mana aza tubali na biyar, ya ƙara masa son farin takalmi. Wanda kuma ya tsinci silifas na ƙafar hagu can wajen arewa, ya bar shi ya tafi. Ya riga mu samun mafita.