Ragon Sunan Hauwa'u

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikata ba, kuma ko da ni na manta, mutanen unguwarmu a garin Garwa ba za su bari abin ya kwanta ba. Ni mahauci ne. Fawa na gada daga mahaifina, shi ma daga nasa ya gada. Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da wuƙa, daga mayanka da sassafe zuwa teburina a kasuwa. Na faɗi wannan ne don a san tsayin wurin da na faɗo.

Ciwon ya fara ne 'yan watanni bayan rasuwar matata Hauwa, Allah ya jiƙanta. Babban yatsana na dama da manuni da na tsakiya sai su mutu, wani lokaci kuma su yi zir kamar na taɓa minjirya a kogin Binuwai. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin yakan tashe ni daga barci in yi ta yarfa hannu. Na fasa kofin shayi biyu. Maɓallin riga ya fara gagarata. Na shafa man kaɗanya, na je wurin wanzami ya yi mini ƙaho (ya ce mugun jini ne, ya tafi da jinin, ya bar mini ciwon).

'Yata Asabe, wadda ita kaɗai Allah ya bar mana, ita ta matsa sai da muka je asibiti, tana tafe da tsohon ciki. Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Asabe ba, tana haɗa Faransanci da Fulatanci da 'yar Hausarta. Ta sa na lanƙwasa wuyan hannuwana na haɗa bayansu. Kafin minti guda yatsun suka ɗauki zugi. Ta ƙwanƙwasa wuyan hannun da yatsa, na zabura. Ta sa aka auna mini sukari, aka ce babu.

Ta ce, "Baba, akwai wata 'yar siririyar hanya a wuyan hannu, jijiyar da ke kai ji zuwa yatsun nan ta cikinta take bi. Wurin ya matse, ya danne ta. Kanal karpiyen muke kiran ciwon."

"Kowane suna gare shi," in ji ni, "ban da tiyata."

Ta ɗago ta dube ni. Asabe ta sunkuyar da kai. Ban yi wa likitar bayani ba, amma ku zan gaya muku a taƙaice: Hauwa da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata. Ba laifin kowa ba ne, kwana ne ya ƙare. Sai dai ni tun ranar na ƙudurta ba zan kwanta a kan wannan gadon ba matuƙar da wata hanya.

"Ba mu kai nan ba tukuna," in ji likitar. "Naman gindin babban yatsanka bai rame ba, don haka da sauran dama. Amma damar a hannunka take, ba a nawa ba."

Ta fito da wani abu da suke kira atel, kamar safar hannu marar yatsu, da ƙarfe a ciki da maɗaurai uku. Aikinsa ya riƙe wuyan hannu a miƙe, kada ya lanƙwashe. Ta ce in kwana da shi kullum, da rana ma in sa idan hannun ya dame ni. Ta ce in rage saran ƙashi, in riƙa ajiye wuƙa ina hutawa, in naɗe ƙotar da tsumma ta yi kauri don kada in riƙa damƙa da ƙarfi. Ta koya mini wani motsa yatsu: a dunƙule, a buɗe, a miƙe, a ware babban yatsa. Ƙwayar rage zafi ta ce ta 'yan kwanaki ce kawai, ba ita ce maganin ba.

"Idan bayan wasu makonni bai yi sauƙi ba, akwai allura da ake yi a wurin, tana sace kumburin. Ka ji, Baba?"

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, da kunne.

Gaskiya ita ce atel ɗin nan bai taɓa ganin kasuwa ba. Mahauci da hannu a naɗe, wa zai tsaya teburinsa? A gida ma sai na rufe ƙofa nake ɗaurawa, kamar mai ɓoye kayan sata. Hutu kuwa ban yi ba. Tun da Hauwa ta tafi na fi son in kai magariba a kasuwa ina sara, domin gidan ya yi mini faɗi. Motsa yatsun na gwada sau ɗaya a bayan rumfa, sai ga Bappa Umaru a kaina. Bappa dillalin shanu ne, abokina tun muna samari, kuma Allah bai ba shi bakin da ke rufuwa ba.

"A'a, mai fawa! Kaji kake kira ko aljanu?"

Daga ranar ban sake ba.

Asabe ta haihu a gidana, da yake haihuwar fari ce, yayata ta zo ta zauna da ita. Mace aka samu. Kwana uku da haihuwa mijin Asabe ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya ce in na yarda sunan marigayiya za a sa wa yarinyar. Na ce Allah ya yi masa albarka. Bayan ya fita na daɗe a zaune, kuma a zaman nan na yanke shawara: ragon sunan Hauwa ba wanda zai yanka shi sai ni. Na yanka na 'ya'yan mutane ba adadi. Wannan ɗaya nawa ne.

To, a nan wautar ta fara. Na tuna da allurar nan. Ana gobe suna na hau mashin na koma asibiti, na ce wa likita atel bai yi aiki ba (ban ce mata yawanci ƙarƙashin katifa yake kwana ba). Ta yi mini allurar a wuyan hannu, sannan ta riƙe hannun ta ce, "Kwana biyu kada ka yi aikin ƙarfi da shi. Ba yau za ka ji amfaninta ba, sai bayan wasu kwanaki. Yana ma iya ƙara ciwo kafin ya lafa."

Ni kuwa a raina an zuba wa mota mai, sai tafiya. Ina komawa gida na tarar an kawo cinyar sa ta abincin suna. Na karɓi gatari na sassara ƙashin da kaina. Na zauna na wasa wuƙata a dutse har sai da ta aske gashin damtsena. Atel kuwa, gida cike da baƙi, ban ko dube shi ba.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, maƙwabta suka zo, 'yan uwana mahauta kusan duk sun bar teburansu. Aka raba goro da dabino. Ragon kuwa Bappa ne ya zaɓo shi daga cikin waɗanda aka sauko da su daga Ngawundere, fari, ƙato, ƙahonsa ya nannaɗe. Hannuna tun farkawata ba na jin yatsu uku. Na cusa shi cikin aljihun babbar riga ina murzawa.

Aka haƙa ramin jini, aka kawo igiya za a ɗaure ƙafafun ragon. Na ce a mayar da ita.

"Ni za a ɗaure wa rago? A gidana?"

Bappa da surukina suka kayar da shi, suka fuskantar da shi alƙibla, suka danne. Liman ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, na ga kana ta ɓoye hannu. In da damuwa, ba laifi a wakilta. Ka san hukuncin wanda ya ɗaga hannu bai gama yanka ba."

Na sani sarai. Yankan da aka katse a tsakiya yana iya mayar da rago mushe. Duk da haka na ce, "Allah gafarta malam, sanyin safiya ne."

Na durƙusa. Na kama haɓar ragon da hagu, na ɗauki wuƙa da dama. Na ga yatsuna sun zagaye ƙotar, da ido na gani, amma ban ji ta ba. A daidai nan sunan ya zo mini, Hauwa, kuma idona ya ciko. Ban so mahauta su gani ba, sai na runtse ido. Ragon ya yi wani zillo. Na ɗaga murya na ce, "Bismillahi, Allahu akbar!" na ja hannuna a wuyansa da duk ƙarfin da na gada.

Mata a cikin gida suna jin kabbara suka rangaɗa guɗa.

A waje kuwa shiru. Na buɗe ido. Babu jini. Wuƙata tana kwance cikin ramin, tsaf da ita, tun zillon nan ta suɓuce ban sani ba. Hannuna a dunƙule yake, babu komai a ciki, yana kan wuyan rago. Ragon ya juyo da ido ɗaya yana kallona.

"Mai fawa," in ji Bappa, muryarsa tana rawa, "ragon ya ce ya gode da tausa, a ƙara masa ta ɗaya gefen."

Dariya ta kama shi har ya saki ƙafafun baya. Ragon ya miƙe, ya ture surukina, ya bi ta kan tabarmar liman, ya faɗa cikin gida. Guɗa ta koma ihu. Muka ji ƙarar tukunya, sannan muryar yayata: "Wanda aka yanka ne wannan? Innalillahi! Ya tashi!" (Kunun gyaɗar suna ne ya tafi, tukunya guda.)

Ni dai ina durƙushe a gaban rami. Mutanen da na koya wa fiɗa suna rufe baki da hannun riga. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shiga na ja ta na rufe.

Aka kamo ragon. Wannan karon da kaina na ce a kawo igiyar. Liman ya ɗauki wuƙata, ya goge ta a gefen tabarma, ya dube ni. Na ce, "Na wakilta ka." Na koma baya na danne cinyar ragon da gwiwa da hannun hagu, aikin da rabona da shi tun ina koyon sana'a. Yanka ɗaya ya yi. Aka yi addu'a, aka ce sunan yarinya Hauwa'u, za a riƙa kiranta Ummi. Na ce amin tare da kowa.

Da hantsi, bayan an watse, na yi sallama ɗakin Asabe don in ga jaririyar. Na zauna bakin gado na miƙa hannu biyu.

"Kawo mini amaryata."

Asabe ba ta miƙo ta ba. Ta ƙara rungume ta, idonta a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wuƙa ta faɗi an ɗauka. Wannan fa?"

Dariyar Bappa ba ta shige ni kamar maganar nan ba. Na janye hannuwana na ɗora a gwiwa.

"Ina abin da likita ta ba ka?"

"Yana ƙarƙashin katifa."

"To Ummi tana nan, ba inda za ta. Ranar da likita ta ce hannun ya yi, ni zan kawo maka ita har ɗaki."

Washegari na koma asibiti na faɗi gaskiya duka, har da saran ƙashi. Likitar ta yi ƙoƙari ta riƙe fuska, amma da na zo kan tausa sai ta juya tana gyara takardu. Na huta kwanakin da ta ce. Ranar da na koma kasuwa da atel ɗina na shiga, a fili, hannun riga a naɗe. Aka yi ta kirana ɗan dambe. Na naɗe ƙotar wuƙa da tsumma, na bar wa maƙwabcin teburina saran ƙashi. Lokaci lokaci in ajiye aiki in tsaya a tsakiyar rumfa ina dunƙulewa ina buɗewa, Bappa yana wucewa yana kiran kaji a madadina. Ban fasa ba ko rana ɗaya.

Mako shida aka yi kafin yatsun su dawo ina jin zaren tasbaha a tsakaninsu. Likita ta ce an samu sauƙi sosai, amma ciwon yana iya komowa, kuma in ya komo ya ƙi jin magani dole mu zauna mu yi maganar tiyata. Na ce in lokacin ya zo zan zauna, kuma wannan karon zan saurara har ƙarshen magana.

A ranar nan Asabe ta cika alkawari. Ta sa ni na zauna a tabarma, na jingina da bango, ta ajiye matashi a cinyata, sannan ta ɗora mini yarinyar. Ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Na ji ɗumin ƙeyar Ummi a yatsuna uku.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da tsada na saye shi. Na ƙi ɗaura tsumma a hannu don kada mutum biyar su yi mini dariya a kasuwa, sai Allah ya tara mini unguwa guda a ƙofar gidana, da liman, da guɗa. In likita ta ba ka abu, ka ɗaura. Kunyar da ka guje wa a kasuwa ta san hanyar gidanku.