Dutsen Tace Ruwa a Kan Taga

Ranar da na sayo robar tace ruwa a Sabon Gari, na tara mutanen gidanmu, na haramta musu shan ruwan famfo. A kwalin akwai wani farin dutse mai ɗan rami. Na ɗauka gyara aka yi mini, na soka masa fure, na ɗora a taga.

Kullum in na sha sai in lumshe ido: "Baba, ka ji ɗanɗanon raɓa?"

Rannan maƙwabciyarmu Iya Basira ta zo gani don ta sayi irinta. Ta ɗaga murfi, ta leƙa.

"'Yata, ina dutsen da ke tacewa?"

Baba ya ajiye kofinsa a hankali, ya kalli taga.

Har yau in an buɗe famfo, sai ƙannena su ce, "Yaya, a ɗebo miki raɓa?"