Daminar da Na Shuka Murjani

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da na shuka murjani ba. E, shuka shi na yi, da hannuna, kuma lafiyata ƙalau.

Lokacin ina neman auren Hajara a ƙauyenmu, kusa da Malumfashi. Gwaggonta ta kafe, in babu murjani a kayan aure to babu aure. Inna ta kwance tsumma ta ba ni nata, ɗan siriri, na aurenta. Ran kasuwa sai na tarar da wani falke da ya sha zuwa Tarabulus yana ba da labari. Wai murjani tsirowa yake a ƙarƙashin tekun gishiri, jikin duwatsu, reshe-reshe ja wur kamar itace marar ganye, masu jirgi su zura raga su kakkaryo shi. Ban tsaya jin sauran ba. Ni da na tashi a gona, a ce abu yana tsirowa in bar shi a tsumma?

Na tsinke zaren, na je bakin rafi na binne ƙwayoyin rami-rami kamar gyaɗa. Gishirin miyar Inna nake ɗiba ina barbaɗa musu. Har shinge na yi saboda awaki (ni kam Allah Ya shirye ni).

Ranar kai kaya ta zo, ko tsiro babu. Ina durƙushe ina tonon laka da yatsu, gumi na zuba, sai ga gwaggon Hajara da matan gidansu sun zo wanki.

"Kai yaro, me ya ɓace?"

Da na yi shiru da ya fi. Sai na ji bakina ya ce, "Murjanin ne bai fito ba, Gwaggo."

Tsohuwar nan ta yi dariya har ta zauna daɓas a laka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ta huce, ta sa matan suka yi ta tace laka da ƙwarya har aka tsinto mafi yawa. Ta ce a ba ni auren, wanda ya yi wa dutse shinge ba zai bar 'yarsu da yunwa ba.

Daga baya falken ya ƙarasa mini: ƙananan halittun teku ne ke gina murjani, yaro ya yi gemu reshe bai kai tsawon yatsa ba. Tun ranar nake jin magana har ƙarshenta. Hajara kuwa har yau, ruwan fari na sauka, sai ta cire murjaninta ta kai wa maƙwabta ajiya.